Yadda Ake Gane Dangin Sinadari a Jadawali da Hasashen Halinsa

Ɗalibin da ya buɗe littafin kimiyyar sinadarai ya yi arba da jadawalin nan na sinadarai mai akwatuna 118, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya zauna ya haddace shi tun daga haidirojin har zuwa akwatin ƙarshe. A irin wannan hadda kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, domin an tsara jadawalin ne ta yadda wanda ya san mazaunin sinadari zai iya faɗin halinsa ko da bai taɓa jin sunansa ba. Zai iya cewa ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, zai yi faɗa da ruwa ko zai zauna lafiya da shi, kuma da wane sinadari zai haɗu, bisa wane lissafi. Hanyar samun wannan ƙwarewa ita ce sanin dangogin da ke cikin jadawalin, da kuma dalilin da ya sa 'yan dangi ɗaya suke kama da juna.

Fara da shimfiɗar jadawalin

Kowane akwati yana ɗauke da sinadari na asali guda ɗaya, wato wanda ba a iya raba shi zuwa wasu sinadarai ta hanyar ƙonawa ko narkarwa ko haɗa shi da wani abu. Lambar da ke saman akwatin tana nuna yawan furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar ƙwayar zarrar sinadarin, kuma ita ce kuma yawan elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da cibiyar. Layukan da suka kwanta daga hagu zuwa dama guda 7 ne, mu kira su sahu. Layukan da suka tsaya daga sama zuwa ƙasa guda 18 ne, ana kiran kowanne rukuni, kuma su ne dangogin da muke magana a kansu. Littattafan sakandare da yawa har yanzu suna amfani da tsohon tsari mai lambobin Romawa daga I zuwa VII da kuma 0, saboda haka idan ka ga rukuni na VII a littafinka, shi ne na 17 a sabon tsari.

Ya kamata ka san cewa wannan hasashe da za ka koya shi ne aikin da ya fito da sunan jadawalin tun farko. Lokacin da Dmitri Mendeleev na ƙasar Rasha ya wallafa jadawalinsa a 1869, sinadarai kusan 63 kawai aka sani, ya jera su bisa nauyi, amma duk inda ya ga jerin zai jefa sinadari cikin dangin da ba nasa ba, sai ya bar gurbi ya ce akwai wanda ba a gano ba tukuna. Ya bayyana halayen wanda zai zauna ƙarƙashin alminiyam, har ya ce kaurin nauyinsa zai kai kimanin giram 5.9 a kowane dunƙule mai tsawo da faɗi da tsayi na santimita ɗaya-ɗaya. A 1875 wani Bafaranshe mai suna Lecoq de Boisbaudran ya gano galiyam, ya auna ya samu 4.7, Mendeleev kuwa ya aika masa cewa ya sake tace abin da ke hannunsa. Da ya tace ya sake aunawa, sai ga 5.9. An gano sikandiyam a 1879 da jamaniyam a 1886, dukansu a guraben da ya bari. Sai a 1913 ne Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa lambar furoton ce ainihin ma'aunin jeri, abin da ya warware dalilin da ya sa teluriyam ke gaban ayodin alhali ya fi shi nauyi.

Ƙirga elektiron na zoben waje

Wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma wanda ya ƙware a kansa ya gama rabin aikin. Elektiron suna zaune ne a zobba kewaye da cibiya, zobe na farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, na uku kuma 8 idan ana maganar sinadarai ashirin na farko. Ka ɗauki lambar sinadarin ka raba ta cikin zobban daga ciki zuwa waje. Sodiyam mai lamba 11 zai ba ka 2, 8, 1. Kilorin mai lamba 17 zai ba ka 2, 8, 7. Kalsiyam mai lamba 20 zai ba ka 2, 8, 8, 2. Yawan zobban shi ne lambar sahu, abin da ya rage a zoben ƙarshe kuma shi ke nuna rukuni: idan 1 ne ko 2, rukunin ke nan kai tsaye, idan kuma daga 3 zuwa 8 ne, sai ka ƙara 10. Ke nan sodiyam yana sahu na 3 a rukuni na 1, kilorin kuma yana sahu na 3 a rukuni na 17.

Wannan lissafi yana tsayawa ne a kan kalsiyam, kuma ɗalibai da yawa a nan suke ruɗewa domin sun ci gaba da zuba takwas-takwas har zuwa inda ba ta aiki. Bayan lamba 20 dabara ta biyu ta fi sauƙi. Ka riƙe lambobi shida a kanka, wato 2, 10, 18, 36, 54 da 86, waɗanda su ne lambobin da sahu shida na farko ke ƙarewa a kansu. Duk sinadarin da ya zarce ɗaya daga cikinsu da 1 yana rukuni na 1, wanda ya zarce da 2 yana rukuni na 2, wanda ya gaza da 1 yana rukuni na 17, wanda ya gaza da 2 yana rukuni na 16, haka nan har zuwa rukuni na 13. Idan hadda ta zama dole, waɗannan lambobi shida ne suka cancanci a haddace.

Rukuni na 18 shi ne ma'aunin sauran

Ya fi kyau a fara nazarin dangogin daga ƙarshen dama, inda hiliyam da niyon da argon da kirifton da zenon da radon suke, domin halinsu ne ke bayyana halin kowa. Zoben wajensu a cike yake, ba sa neman ƙari kuma ba su da abin bayarwa, shi ya sa kowace ƙwayar zarrarsu ke yawo ita kaɗai a matsayin iska marar launi marar wari. Wannan rashin cuɗanya ya ɓoye su daga masana har ƙarshen ƙarni na 19, duk da cewa argon ya kusa kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Rayleigh da William Ramsay ne suka gano shi a 1894, sannan a 1898 Ramsay da Morris Travers suka fitar da niyon da kirifton da zenon, aka ƙara wa jadawalin rukuni sukutum wanda Mendeleev bai tanadi wurinsa ba. Amfaninsu ma daga wannan hali yake fitowa, mai walda yana hura argon a kan narkakken ƙarfe domin ya tsare shi daga oksijin. An daɗe ana koyar da cewa ba sa haɗuwa da komai sam, har sai da Neil Bartlett ya haɗa zenon da wani sinadari a 1962, saboda haka idan za ka amsa tambaya ka ce da wuya suke haɗuwa.

Ƙa'idar da za ka riƙe daga nan ita ce, sauran manyan dangogin suna bayar da elektiron, ko su karɓa, ko su yi tarayya a kansu, har sai zoben wajensu ya yi daidai da na ɗan rukuni na 18 mafi kusa da su.

Rukuni na 1 da na 2, masu bayarwa

Litiyam, sodiyam, potasiyam, rubidiyam, siziyam da faransiyam su ne ƙarafan alkali, kowannensu yana da elektiron guda a zoben waje, kuma ba abin da yake so kamar ya rabu da shi. Wanda ya taɓa ganin malami ya gwada sodiyam a ɗakin gwaji ba ya mance halin wannan dangi. Malamin zai ciro dunƙulen daga kwalba mai cike da mai, domin ba a barinsa a iska, ya sa wuƙa ya yanki ɗan guntun da bai kai ƙwayar wake ba. Wurin da aka yanka zai yi ƙyalli na ɗan lokaci, kafin ka gama kallo ya dushe saboda oksijin ya kama shi. Da ya jefa guntun cikin kwanon ruwa, maimakon ya nutse sai ya taso, ya narke ya zama ɗan ƙwallo, ya shiga zagaye saman ruwan yana cuwwa yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Iskar da ke fita haidirojin ce, ruwan da ya rage kuma ya zama ruwan soda mai cin fata, irin wanda masu sabulu ke amfani da shi, kuma yana mayar da jar takardar litmas shuɗiya.

Yanzu ka bi dangin daga sama zuwa ƙasa. Litiyam yana tafarfasa a hankali a kan ruwa, potasiyam yana kama wuta nan take da harshe mai launin shunayya, siziyam kuwa fashewa yake yi. Zafin naman yana ƙaruwa ne saboda kowane sahu yana ƙara zobe guda, elektiron na waje yana ƙara nisa da cibiyar da ke riƙe da shi, sai fizge shi ya ƙara sauƙi. Zafin da suke narkewa a kai kuma raguwa yake yi: litiyam a kan digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, sodiyam 98, potasiyam kusan 63, siziyam ƙasa da 29, wanda ke nufin zai narke a ɗaki ranar bazara. Saboda wannan zafin nama ba a samun ko ɗaya daga cikinsu tsantsa a ƙasa, kuma sai a 1807 Humphry Davy ya iya fitar da potasiyam da sodiyam ta hanyar amfani da lantarki.

Haɗe-haɗensu kuwa suna cikin kowane madafi, kusan dukansu farare ne kuma suna narkewa a ruwa. Gishiri haɗin sodiyam ne da kilorin. Kanwa galibinta haɗin sodiyam ne da kabonet (wato haɗin kabon da oksijin), shi ya sa take kashe tsamin yakuwa, domin tsami asid ne ita kuma kishiyarsa ce. Tokar itace da ta kara tana ɗauke da potasiyam kabonet, kuma da yake sodiyam da potasiyam dangi ɗaya ne, ruwan toka yana yin irin aikin da kanwa ke yi a miya da wajen haɗa sabulu. Idan kana son gwajin da ba shi da haɗari, ka barbaɗa ɗan gishiri a harshen wutar gas, za ka ga shuɗin harshen ya koma rawaya, kuma wannan rawayar ita ce shaidar sodiyam a duk inda aka gan ta. Haka ma ke faruwa idan miya ta tafasa ta zubo a kan wuta.

Rukuni na 2, wato beriliyam, magnisiyam, kalsiyam, sitirontiyam, bariyam da rediyam, suna da elektiron 2 da za su bayar, kuma fizge biyu ya fi fizge ɗaya wuya. Don haka ka ɗauki duk abin da ka sani game da rukuni na 1 ka sassauta shi. Sun fi tauri, sun fi jure zafi, magnisiyam da kyar yake motsi a ruwan sanyi, kalsiyam kuma yana fitar da kumfa a natse ba tare da wuta ba. Babban bambancin da ya kamata ka lura da shi shi ne haɗinsu da kabonet ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa kalsiyam kabonet ke zama dutse, irin wanda ake haƙa domin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato da kuma Ashaka a jihar Gombe, kuma shi ne ɓawon ƙwai da na katantanwa. Ka ɗiga ruwan lemon tsami a kan dakakken ɓawon ƙwai ka ga kumfar iskar kabon da ke tashi. Ruwan rijiyar da sabulu ke ƙin yin kumfa a cikinsa, wanda kuma ke barin farin ɓamɓaroki a gindin butar shayi, kalsiyam da magnisiyam ne suka yi masa yawa.

Rukuni na 17, masu karɓa

Fulorin, kilorin, buromin da ayodin su ne halojin da za ka haɗu da su, sauran biyun da ke ƙasansu ba su daɗewa kafin su ruguje. Suna da elektiron 7, saura guda su cika, kuma idan ba su samu mai ba su ba sai su yi tarayya biyu-biyu da junansu. A wannan dangi ne kake ganin sauyin kama daga sama zuwa ƙasa ƙarara, domin fulorin iska ce mai launin rawaya-rawaya, kilorin iska ce mai rawaya da sirkin kore, buromin ruwa ne ja mai duhu, ayodin kuwa baƙin ƙyalli ne mai tauri wanda ke tashi da hayaƙi mai launin shunayya idan aka ɗumama shi.

Kuskuren da aka fi yi a jarrabawa shi ne a ɗauko ƙa'idar rukuni na 1 a ɗora wa wannan rukuni. A nan zafin nama raguwa yake yi zuwa ƙasa, kuma dalilin shi ne dalilin farko: nisa da cibiya. Nisan da ya sauƙaƙa wa siziyam sakin elektiron, shi ne ya wahalar wa ayodin jawo wani. Fulorin, mafi ƙanƙanta a dangin, ya fi duk sinadaran jadawalin zafin nama, har ya jikkata masana da dama kafin Henri Moissan ya iya ware shi a 1886. Ana tabbatar da wannan jeri da gwaji mai sauƙi. Idan aka zuba ruwan kilorin cikin narkakken potasiyam buromaid, ruwan zai koma launin ruwan goro domin kilorin ya ture buromin ya gaje wurinsa, amma idan aka zuba ayodin cikin narkakken potasiyam kiloraid ba abin da zai faru. Na sama yana ture na ƙasa, na ƙasa ba ya ture na sama.

Dukansu guba ne idan suna tsantsa, kuma wannan gubar ce ake sarrafawa wajen kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo da kilorin ko a miki da ayodin. Kada a taɓa gauraya ruwan bilic da maganin wanke banɗaki mai asid, domin haɗin yana sakin iskar kilorin mai ƙona huhu. Da zarar sun karɓi elektiron ɗin da suke nema sai su lafa, har jiki ya buƙace su, kamar ɗan ayodin da ake sa wa gishirin kasuwa domin rigakafin maƙoƙo.

Tun da ka san mai bayarwa da mai karɓa, rubuta haɗinsu ya zama lissafi. Rukuni na 1 yana ba da 1, na 2 yana ba da 2, alminiyam yana ba da 3, rukuni na 17 yana karɓar 1, na 16 yana karɓar 2, kuma dole abin da aka bayar ya yi daidai da abin da aka karɓa. Kalsiyam guda yana buƙatar kilorin biyu, sai a rubuta CaCl2. Alminiyam biyu suna ba da 6, oksijin uku suna karɓar 6, sai a rubuta Al2O3.

Rukuni na 13 zuwa 16, inda kamar ke raguwa

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma maganar ta zauna daidai a rukunan da suka gabata, amma a waɗannan huɗun sai an yi hattara. Akwai wani layi mai kama da matakala da ya ratsa su daga boron zuwa ƙasan dama, ƙarafa suna hagunsa da ƙasansa, waɗanda ba ƙarafa ba suna damansa da samansa, masu rabi da rabi irin su silikon da jamaniyam da asenik kuma suna kan layin. Ke nan a dangi ɗaya za ka iya farawa da abin da ba ƙarfe ba ka ƙare da ƙarfe. Abin da ya rage na gado shi ne yawan elektiron na waje, saboda haka tsarin haɗinsu yana kama da juna ko da kamanninsu sun sha bamban.

Rukuni na 14 ne ya fi nuna wannan. Kabon yana sama, shi ne gawayi da bakin fensir da daimon, kuma shi ne ƙashin bayan duk wani abu mai rai domin yana iya sarƙa ƙwayoyinsa su yi dogon jeri. Silikon yana biye, shi ne ke cikin yashi da gilashi da farantin sola. Dukansu suna haɗuwa da oksijin biyu, CO2 da SiO2, amma na farko iska ce da muke fitarwa da numfashi, na biyu kuma yashi ne da ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. A ƙasa akwai ƙarafa biyu masu taushi, kuza wadda aka shafe ƙarni na 20 ana haƙa a tsaunukan Jos, da dalma. Dalma ta fi son bayar da elektiron 2 maimakon 4, kuma a wannan siffa jiki yana ɗaukar ta tamkar kalsiyam ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru ke nan a 2010 a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta yi sanadin mutuwar yara kimanin 400.

A rukuni na 15 naitirojin da fosforas ne ke sama, su ne N da P da ke jikin buhun takin zamani, K ɗin kuma potasiyam ne. Naitirojin ya kai kashi 78 cikin 100 na iska, amma ƙwayoyinsa biyu-biyu suna ɗaure da ƙulli uku mai wuyar kwancewa, shi ya sa gero da masara ba sa iya ɗaukarsa daga iska sai ta hanyar taki, ko ta ƙwayoyin halittar da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa. Asenik yana ƙarƙashin fosforas, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da yake cutarwa ita ce jiki yana karɓarsa a gurbin fosforas. Rukuni na 16 yana farawa da oksijin da farar wuta, kuma dukansu suna ɗaukar haidirojin biyu, H2O da H2S, sai dai na farko ruwan sha ne, na biyu iska ce mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A rukuni na 13 alminiyam ne abin lura, yana narkewa a digiri 660, zafin da maƙera masu zuba tukwane ke samu da gawayi da zugazugi, kuma asid da soda duk suna cin sa, don haka mai haɗa sabulu ba ta jiƙa soda a tukunyar alminiyam.

Ƙarafan tsakiya da sahu biyu na ƙasa

Daga rukuni na 3 zuwa na 12 ka ajiye lissafin zoben waje, domin sababbin elektiron suna shiga zoben da ke ciki ne, abin da ya sa maƙwabta na gefe da gefe ke kama da juna kusan kamar na sama da ƙasa. Ana gane su da alamu huɗu. Suna da tauri da nauyi da jure zafi, kamar tangistin da ba ya narkewa sai a digiri 3,422. Suna iya bayar da adadin elektiron fiye da iri ɗaya, kamar baƙin ƙarfe mai ba da 2 ko 3. Haɗe-haɗensu suna da launi, don haka idan an ba ka ruwa shuɗi a gwaji ka fara zargin jan ƙarfe, idan kore-kore ne ka zargi baƙin ƙarfe mai ba da 2, idan ruwan ƙasa ne mai ba da 3, wanda kuma shi ne launin tsatsa da na jar ƙasa. Sannan suna hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da sun ƙare ba, kamar yadda ake amfani da baƙin ƙarfe wajen haɗa naitirojin da haidirojin a masana'antun taki tun 1913.

Rukuni na 11 ya cancanci a san shi da kansa, domin jan ƙarfe da azurfa da zinariya suna jere ne ɗaya ƙarƙashin ɗaya, duka masu sanyin hali ne kuma sun fi kowa ɗaukar lantarki, azurfa ce kan gaba. Rukuni na 12 kuwa, mai tutiya da kadmiyam da zaiba, bai cika alamun nan huɗu ba, har wasu masana ba sa lissafa shi cikin ƙarafan tsakiya. Haɗe-haɗen tutiya farare ne, zaiba kuma ruwa ce har sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifili.

Sahu biyun da aka rataya a ƙasan jadawali, daga 57 zuwa 71 da kuma daga 89 zuwa 103, mazauninsu na gaskiya yana cikin sahu na 6 da na 7, an fitar da su ne domin kada shafin ya yi faɗin layuka 32. Na farkon kusan dukansu suna ba da elektiron 3 kuma raba su da juna aiki ne mai wuya, daga cikinsu ake samun niyodimiyam na maganaɗisun lasifika. Na biyun duk suna fitar da tururin nukiliya, fitaccensu shi ne yuraniyam mai lamba 92, wanda Jamhuriyar Nijar ta fara haƙa a Arlit a 1971.

Tarkuna da gwajin kai

Haidirojin yana zaune a saman rukuni na 1 saboda elektiron ɗinsa guda, amma iska ne, ba ƙarfe ba ne, kuma ba a lissafa shi cikin ƙarafan alkali. Hiliyam yana da elektiron 2 a waje, amma yana rukuni na 18 domin zoben farko da 2 yake cika. Sannan na farkon kowane dangi yakan saɓa wa 'yan uwansa saboda ƙanƙantarsa, litiyam ma a wasu halaye ya fi kama da magnisiyam, don haka idan za ka zaɓi wakilin dangi ka ɗauki na biyu, wato sodiyam ko kilorin.

Yanzu ka rufe jadawalin ka gwada sinadari mai lamba 38. Ya zarce 36 da 2, ke nan yana rukuni na 2 a sahu na 5, kai tsaye ƙarƙashin kalsiyam. Za ka ce ƙarfe ne mai ba da elektiron 2, ya fi kalsiyam saurin faɗa da ruwan sanyi, haɗinsa da kilorin zai ɗauki kilorin biyu, haɗinsa da kabonet ba zai narke a ruwa ba, kuma idan ya shiga jiki ƙashi zai nufa. Sannan ka gwada lamba 34, wadda ta gaza 36 da 2, ke nan rukuni na 16 a sahu na 4, ƙarƙashin farar wuta, kusa da layin matakala, mai karɓar elektiron 2, wanda haɗinsa da haidirojin biyu zai zama iska mai wari da guba. Ka buɗe jadawalin ka duba, na farko sitirontiyam ne, wanda gishirinsa ke ba wasan wuta jan launi, na biyu kuma seleniyam, kuma idan aka haɗa su lissafin zai tashi ɗaya da ɗaya, SrSe.